Shekarar da Na Ci Dalma

Ni manomin rani ne, ɗan manomin rani. Gonarmu tana bakin ƙaramin kanal tsakanin Kura da Bunkure, kuma abin da na tashi na tarar ke nan: tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Ban taɓa zaton wata sana'a za ta raba mini hankali da gona ba, sai da wayar salula ta iso ƙauyenmu.

A farkon shekarun dubu biyu waya ta zo mana, amma wutar lantarki ba ta biyo ta ba. Sai masu dabara suka kafa rumfunan caji da batirin mota. Batir kuwa yana da nasa ajalin, in ya mutu sai a wurgar da shi bayan rumfa. Wata rana ina dawowa daga ban ruwa na ga wani tsohon masunci, wanda yake jefa birgi, wato ragar kamun kifi, a babban kanal, ya tsuguna yana fasa wani mataccen batir da gatari.

Na ce, "Baba, me ake nema a cikin mushe?"

Ya zaro wasu fayafayai masu toka-toka, ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Ya ce dalma ce, ita ake jera wa a bakin birgi don ya nutse da sauri ya rufe kifi. Da can sai ya je Kano yake samo ta, yanzu ga ta a bola.

Ni mutum ne mai son aikin hannu, in na ga ana abu sai na gwada. Na roƙe shi ya nuna mini, ya nuna mini, kuma kafin mako biyu na fi shi iyawa. Aikin ba wuya. A tsiyaye ruwan batirin, a fasa shi, a ciro fayafayan, a zuba su a tsohon kasko a kan gawayi. Dalma ba ta da taurin kai irin na ƙarfe, nan da nan take narkewa ta zama ruwa mai sheƙi. A sa cokali a kwashe dattin da ya taso sama a watsar, a tsiyaya ruwan cikin 'yan ramuka da na ƙwaƙule a jikin tubali. In ta huce a yayyanka da almakashi, a naɗe kowane yanki a igiyar birgi. Matsewar ƙarshe kuma da haƙori nake yi, don na ga ya fi sauri, kuma dalma tana da laushi, har daɗin cizo gare ta.

A tsakar gida nake aikin, ƙarƙashin darbejiya, kusa da madafi, saboda in riƙa ɗibar garwashi wajen matata. Ina aiki ina ɓare gyaɗa ina watsawa a baki, in goge hannu a wando in gutsiri goro. Masunta suka ji labari, har daga wajen Tiga ake aiko mini da birgi. Suka sa mini suna Sarkin Dalma, ni kuwa ina amsawa da fara'a. Da safe gona, da yamma kasko. Haka na yi fiye da shekara.

Abin ya fara ne daga miya.

Wata rana matata ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Na kai loma ɗaya na tsaya.

Na ce, "Miyar nan a wace tukunya aka dafa ta?"

Ta ce, "A tukunyar da aka dafa ta jiya, Malam."

"Ƙarfe-ƙarfe take yi. Kamar an jefa ƙusa a ciki."

Ta ɗanɗana, ta dube ni. Kashegari ta aro tukunyar ƙasa wajen Inna, mahaifiyata, wadda take zaune a sashenta a gidanmu. Na ci na ce ƙusar tana nan. Ta sauya daddawa, ta sauya gishiri, ta daina sa dunƙule. Ƙusa tana nan. Na koma kan ruwa na ce randa ce, aka wanke randa. Na ce to rijiya ce. Ran nan dai Inna ta gaji da jin ƙorafina, ta jawo kwanon gabanta, ta cinye tuwon tas, ta suɗe hannu.

Ta ce wa matata, "'Yar nan, in wannan ne ƙarfe, ƙaro mini."

Suka yi ta dariya, ni kuwa na tashi na fita a fusace.

Wannan fushin ma sabon abu ne. Da, in ana zaman hira a bakin kanal, ni ne mai ba mutane dariya. Sai ga shi na koma kamar kunama. Na yi faɗa da maƙwabcina na gona a kan layin ruwa, alhali ranar tasa ce. Na yi faɗa da rediyo don ya ƙi kama tasha. Akwai wani zakara a gidanmu da na ɗora wa karan tsana, na rantse da gangan yake cara in kaina yana ciwo. Sau biyu ina bin sa da takalmi har ƙofar gida, babba da ni, mutane suna kallo.

Daga nan sai ciki. Kwana huɗu, kwana biyar ban zaga ba, sannan ya riƙa murɗa mini a wajen cibiya har in duƙa a tsakiyar gona in riƙe kunya. Inna ta ce basir ne, ta dafa mini ganyen filasko. Mai magani na kasuwar Bunkure, wanda yake talla da lasifika a kan mota, ya kalli tafin hannuna ya ce shawara ce ta haɗu da basir, suka gayyato sanyi. Ya ba ni gora guda ta wani baƙin jiƙo mai ɗaci. Mai kemis kuma ya ce olsa ce, in daina cin yaji. Na sha na Inna, na sha na mai lasifika, na sha na kemis, na daina yaji. Abu ɗaya ne ban daina ba, shi ne zama gaban kasko, don a ganina shi ne ma aikin da ba ya wahalar da marar lafiya.

Lokacin dashen tumatir ya zo. Ina cikin gyaran kwami sai fartanya ta suɓuce mini. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Na duba hannuna na dama, sai na ga ya langaɓe daga wuyan hannu, kamar wuyan kazar da aka yanka. Ina iya damƙe yatsu kaɗan-kaɗan, amma in ɗaga tafin sama ya gagara. Ranar Juma'a da aka idar da salla ana gaisawa, na riƙa miƙa wa dattawa hannu yana lilo. Daga baya na ji an ce sarautar dalma ta shiga kaina, yanzu da 'yan yatsu nake gaisawa.

Inna ta ce wannan kam iska ce ta bakin ruwa, aka shiga turare da rubutu. Matata ba ta yi musu ba. Ta jira rana ta yi sanyi, ta yafa mayafi ta shiga gidan Sista.

Sista maƙwabciyarmu ce, Kirista, mutuniyar wajen Jos. Mijinta yana da injin casar shinkafa a bakin hanya, ita kuma tana aiki a ƙaramin asibitin da ke gaba da mu, shi ya sa kowa yake kiran ta Sista. Sun shaƙu da matata ƙwarai. Da salla naman layya yana tsallaka katanga, da Kirsimeti shinkafa da miya su tsallako.

Sista ta shigo da sallama ta same ni a gindin darbejiya, ina fama da cokali da hannun hagu, hayaƙi yana tashi. Ta tsaya daga nesa ta toshe hanci da bakin ɗankwalinta.

Ta ce, "Baban yarinya, me kake dafawa?"

Na ce, "Dalma ce, Sista. Sana'a ce."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda da 'yan watanni."

"Kullum a nan? A nan kake cin abinci kuma?"

Na ce to ina zan ci. Ta ce in sauke kaskon in matso. Ta ja fatar idona ƙasa, ta ce ba ni da jini. Ta ɗaga hannuna ta saki, ya faɗi. Ta tambayi ciki, ta tambayi kai, ta tambaya ko bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Ban kai ga amsawa ba matata ta ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, don an wanke girkinta, har Inna ta leƙo daga ɗaki.

Sista ta ce, "Buɗe baki." Na buɗe. Ta ɗaga leɓena ta duba, ta ce a kawo madubi. A gindin haƙorana, inda suka haɗu da dasashi, akwai wani siririn layi shuɗi-baƙi, kamar an ja shi da alƙalami.

Na ce, "Ai goro ne."

Ta ce, "Goro ja yake yi. Wannan dalma ce. Na ga irinsa lokacin da nake koyon aiki, a bakin masu gyaran batir. Kana shaƙar hayaƙinta, kana cin ƙurarta a hannunka."

Matata ta ce, "Har cizon ta yake yi."

Sista ta dafe kai. Ta ce dalma ba abinci ba ce, jiki ba ya narkar da ita kuma ba ya son sakin ta. Tana shiga jini ta hana shi ƙaruwa, ta ɗaure hanji, ta kashe jijiya, ta taɓa ƙoda, ta birkita wa mutum hali. Tana cikin magana sai ta ƙura wa wuri guda ido. Na bi idonta da kallo. 'Yarmu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, tana zaune a bayan bishiyar inda nake watsa dattin kasko. Ta tara shi a murfin gwangwani tana wasan girki, bakinta duk ƙasa.

Sista ta taka da sauri ta sure ta, ta kai ta bakin randa ta wanke mata hannu da baki da sabulu. Da ta juyo babu wasa a fuskarta. Ta ce babba yana jin ciwo ya faɗa, yaro kuwa ba ya nuna komai, sai dai ta yi masa ɓarna a ƙwaƙwalwa a hankali, sai an sa shi makaranta a ga ba ya ganewa. Ta ce gobe-gobe mu tafi Kano mu uku, ni da matata da yarinya.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba. Ciwon cikin da na yi watanni ina kuka da shi, mantawa na yi da shi. Na ɗebi ruwa a bokiti na kashe gawayin da kaina.

Da sassafe muka hau mota zuwa Kano da takardar da Sista ta rubuta mana. A babban asibiti muka sami wani likita matashi mai barkwanci. Da na ba shi labarin cizon dalma, ya ajiye biro ya ce, "Malam, tuwo ne ya ƙare a garinku?" Ya yi dariya, amma da ya ji zancen yarinya ya daina. Aka ɗebi jininmu duka, aka ce sai an aika da shi wani wuri a auna. Ni aka ba ni gado saboda cikin da hannun, su kuma ya ce kada su koma tsakar gidan nan sai an gyara shi. Suka tare a gidan Sista.

Da sakamako ya fito, nawa ya yi yawa ƙwarai. Na matata kaɗan ne. Na yarinya an samu, amma likita ya ce an taro abin da wuri. Ya ce a riƙa cika mata ciki da ƙwai da wake da nono da ganye, don cikin da ba komai ya fi jan dalma, kuma a riƙa kawo ta ana dubawa. Ni aka sa ni a wani magani mai kamo dalmar daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Sai da aka sha yawo kafin a same shi. Likita ya ce kada in ɗauka magani ne zai gama aikin, don dalma tana ɓuya a ƙashi tana fitowa kaɗan-kaɗan, kuma babban maganin shi ne ni da kasko mu rabu har abada.

A kwana na shida matata ta kawo mini tuwo a kwano da miyar kuɓewa. Na kai loma, na ji miya sak, har da ƙamshin man shanu. Na ce mata ta yafe mini zargin da na yi wa girkinta.

Ta ce, "Na yafe. Amma akwai sauran waɗanda za ka nemi gafararsu. Akwai randa, akwai rijiya, akwai zakara."

Mutumin da ke gadon kusa da ni ya yi dariya har ya ƙware.

Ina asibiti aka yi gayyar gyaran gida, Sista ce sarkin aiki. Maƙwabcina na gona, wanda na yi wa rashin mutunci a kan ruwa, shi ya fara zuwa da shebur. Ta sa aka yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, aka kankare ƙasar tsakar gida tun daga gindin darbejiya har bakin madafi. Aka loda a amalanke aka kai wani rami da aka haƙa a tudu, nesa da kanal da rijiyoyi. Kasko da cokali da tubalan zubi da wandon aikina duk suka bi ta. Aka kawo sabuwar ƙasa, mata suka taru suka yi daɓe da waƙa kamar ana shirin biki. Da na dawo ban gane gidana ba. Inna ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin tsakar gidan ya yi kyau haka ba, da ta sani da tuni ta sa ni cin dalma.

Ciki ne ya fara saki, sai ciwon kai, sai fushin ya bi su. Hannu ne ya ja lokaci. Mijin Sista ya sassaƙa mini ɗan katako, ya ɗaure mini shi a wuyan hannu da robar tayar keke don tafin ya miƙe. Sista kuma ta ce in riƙa motsa yatsu kullum. Matata ta ga dama ta samu, ta riƙa ajiye mini faifan shinkafa in tsince tsakuwa. Wata uku ina tsintar shinkafa a gindin bishiya, maza suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, uwargida. Tumatir ɗin shekarar 'yan'uwa ne suka ɗebe mini shi suka kai kasuwar Kwanar Gafan. Kafin a fara dashen shinkafa na riƙe fartanya da hannun dama, duk da har yau in na daɗe ina aiki yana saurin gajiya.

Da na sami ƙarfi na je wajen tsohon masuncin nan, don na ga wajibi ne in gaya masa. Na same shi yana ɗinkin birgi a inuwar mangwaro. Na kwashe labari duka na faɗa masa.

Ya ce, "Yaro, shekara arba'in ina harka da dalma, ga ni garau."

Na ce, "Baba, buɗe bakinka in ga gindin haƙoranka."

Ya wangale baki. Babu haƙori ko ɗaya.

Ya ce, "Ni da filaya nake matsewa. Wa ya ce ka ciza? Kuma ni sau ɗaya nake narkawa a shekara, a bakin ruwa, iska tana kwashe hayaƙin. Kai ne ka mayar da ita tuwo."

Muka yi dariya har hawaye. Duk da haka na roƙe shi ya raba jikokinsa da wurin, kuma ya riƙa wanke hannu kafin ya ci abinci. Ya ce ya ji. Wasu masuntan suka koma ɗaura notin tsofaffin injinan ban ruwa a birginsu, wasu suka ce noti ba ya nutsewa da kyau, suka ci gaba da dalmarsu. Ni dai duk wanda ya kawo mini aiki sai in nuna masa katakon hannuna.

Yarinya muka yi ta kai ta awo har likita ya sallame mu. Ta yi jinkirin magana kaɗan, abin ya dame ni ƙwarai, kullum ina sauraron bakinta. Da ta tashi farawa kuwa sai ta haɗa da bashin baya, har yau ba a rufe mata baki a gidan nan. Ta yi makaranta lafiya, lissafi ne kawai ya ba ta wuya, ni kuma ban san ko dalma ce ko gadona ta yi ba.

Bayan shekara guda da dawowata daga asibiti matata ta haifi namiji. Ranar da aka yi kwana uku, da hantsi, Inna ta shigo ɗakin mai jego da tandunta na kwalli za ta rambaɗa wa jariri. Sista tana zaune a bakin gado, ta zo duba cibiya. Ta karɓi tandun ta zazzaga kaɗan a tafin hannu, ta ga yana ƙyalli.

Ta ce, "Mama, wannan na dutse ne?"

Inna ta ce, "Na dutse ne mana, mai kyau. Da kaina na niƙa."

"Mama, dutsen nan shi ne uwar dalma. Daga jikinsa ake fitar da ita. Yaro zai murza ido ya sa hannu a baki."

Inna ta dube ta, ta dube ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Yanzu kuma kwallin ma? Ku bakwai na haifa, duk da shi na raine ku. Me ya same ku?"

Na ce, "Inna, ni ne fa na bi zakara da takalmi."

"Wannan haukanka ne na kanka, kada ka shafa wa kwallina."

Sista ta yi ta lallashin ta, tana Mama kaza, Mama kaza. Inna ta yi ta jujjuya tandun. Can ta tura shi cikin lalitarta ta ɗaure. Ta ce yaro dai ta bar mana shi, mu je mu yi ta kallon sa da ido fari fat kamar na kifi. Amma nata idon, shekara sittin yana shan kwalli, ba wata 'yar Jos da za ta raba su.

Ranar suna ta fito ta zauna a tsakiyar mata, ta rambaɗa kwalli har ya kusa kai mata kunne, jariri a cinyarta. Duk wadda ta karɓe shi ta tambaya me ya sa ba a sa masa kwalli ba, sai Inna ta gyara zama ta ce, "Ke ba ki sani ba? Dalma ce a ciki. Mu a gidan nan mun daina sa wa yara."